Tsafta a Zangon Daji: Yadda Ake Wanka da Wanke-wanke da Ruwa Kaɗan

A daji, ruwa ne ke yanke wa mutum tsawon zamansa. Manomin da ya tare a bukkar gona da kaka, makiyayin da ya yi nisa da mashaya, mafarauta, 'yan agaji da ɗaliban da suka fita sansanin horo, direban da ya kama hanyar Agadas zuwa Bilma, duk abin da ke hannunsu ƙididdigagge ne, kuma ba famfon da za a murɗa idan ya ƙare. A irin wannan hali mutane kan kasu biyu. Wasu sukan jingine tsafta gaba ɗaya sai an koma gida, sai gudawa ko ƙuraje su kore su kafin aikin da ya kai su ya kammala. Wasu kuma sukan sheƙa wanka irin na gida a ranar farko, kashegari a shiga neman na sha.

Akwai hanya tsakanin biyun. Ruwa kaɗan yana isar mutum ya zauna da tsafta da tsarki, muddin ya san gaɓar da ta fi buƙatarsa, ya kuma san abin da ke iya jira. Wannan jagora an tsara ta ne a kan zangon kwana biyu zuwa mako guda a yankin da rijiya ke da nisa.

Lissafi tun daga gida

Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke bi a sansanonin gudun hijira, sun sa lita 15 a matsayin mafi ƙarancin abin da ya kamata mutum ɗaya ya samu a rana don sha da girki da tsafta. Sun kuma nuna cewa idan abu ya tsananta ana iya rayuwa na ɗan lokaci da lita 7.5. Mai zangon 'yan kwanaki zai iya tsayawa a kan lita 10, ya raba ta kamar haka:

- lita 4 na sha
- lita 1 na girki
- lita 1 na wanke hannu da kwanuka
- lita 2 na alwala da tsarki
- lita 1 na goge jiki da wanke baki
- lita 1 ta ajiya, ba a taɓa ta sai da lalura

Mutum huɗu a kwana uku ke nan suna buƙatar lita 120, wato jarka biyar masu cin lita 25. Da bazara, lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Agadas, mai aikin ƙarfi zai sha fiye da lita 4, don haka a ƙara kason sha. A tuna kowace lita nauyinta kilo ɗaya ne. Mai tafiya a ƙafa ba zai iya ɗaukar ruwan kwana uku ba, dole ya tsara zangonsa a kan rijiyoyin da ya tabbatar suna da ruwa a wannan lokaci na shekara.

A raba jarkunan tun kafin a ɗora su a mota ko a kan jaki. Na sha a ɗaura musu ƙyalle ko a shafa musu fenti, kada kowa ya ɗebi ruwan wanka daga cikinsu. Jarkar man gyaɗa tana yi idan an wanke ta sosai, amma wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta wankuwa har abada. A zango a naɗa mutum ɗaya mai kula da ruwa, shi ke auna wa kowa kasonsa da safe a cikin gorarsa. Wanda ya ga ruwan yininsa a gora ɗaya ya fi tattalinsa fiye da wanda ke tsiyaya daga babbar jarka.

Kayan da za a tafi da su

Ba su da yawa, kuma mafi yawansu suna gida: buta biyu, ɗaya ta bayan gida ɗaya ta alwala, masu launi daban, gorar roba biyu ko uku masu cin lita ɗaya da rabi, ƙaramin kwano ko ƙwarya, ƙyallen auduga uku ga kowane mutum, sabulu, asuwaki, abin yanke farce, ƙaramar fartanya, ledoji masu kauri, zane da igiya na yin makewayi, man kaɗanya ko basilin, ƙwayar kulorin ta tsabtace ruwa, ƙullin gishiri da sukari na masu gudawa, da tocila. Idan an samu man goge hannu na kemis, a duba a tabbatar sinadarin alkohol ɗin da ke cikinsa ya kai kashi 60 cikin ɗari.

A yanke farce a kuma yi aski ko kitso kafin tafiya. Dogon farce matattarar datti ne, kuma gashi mai yawa ruwa yake ci.

Shimfiɗa zango

Kafin a kafa tanti ko a ɗaura rumfa, a tsayar da wuri huɗu: makwanci, madafa, makewayi, da wurin wanke hannu. Makewayi ya kasance a gangare, a gefen da iska ke kaɗawa ta nufa, nesa da madafa, kuma aƙalla taku 70 daga kowace rijiya, tafki ko rafi. Wurin wanke hannu a sa shi a kan hanyar da ta taso daga makewayi zuwa madafa, yadda ba mai dawowa ba tare da ya gifta shi ba. Jarkuna su zauna a inuwa, a ɗora su a kan duwatsu ko itace, bakinsu a rufe.

Hannu kafin komai

Idan ruwan tsafta bai wuce kofi ɗaya ba, hannu za a ba. Kwalara, taifot, atini da yawancin gudawa ta hanya ɗaya suke shiga: daga bayan gida zuwa hannu, daga hannu zuwa abinci ko ruwa, daga nan zuwa baki. Wanda ya kwana uku bai yi wanka ba zai yi tsami, amma wanda ya ci abinci da hannun da bai wanku ba yana iya kwantar da zango gaba ɗaya.

Lokutan da ba a sassauci su ne bayan fitowa daga makewayi, bayan wanke wa yaro kashi, kafin taɓa kayan girki, kafin cin abinci, bayan yanka ko fiɗar dabba, da kafin taɓa rauni.

Abin da ke ɓarnar da ruwa wajen wanke hannu shi ne kwararawa daga kofi ko bakin jarka. Maganinsa famfon gora. A ɗauki gorar roba, a gasa ƙusa siririya a huda rami ɗaya ɗan sama da gindinta, a cika ta a ɗaure murfin. Muddin murfin yana ɗaure ruwa ba zai fita ba; da an ɗan sassauta shi sai ya tsirto siriri, da an ƙara ɗaurewa ya tsaya. A rataye ta a reshe, a ɗaura sabulu da igiya a gefenta. Idan mutane suna da yawa, a yi mai girma da galan: a kafa gwafa biyu, a gitta sanda ta cikin mariƙin galan ɗin, a huda rami kusa da wuyansa, a ɗaura igiya daga wuyan zuwa wata sanda a ƙasa. Mutum ya taka sandar, galan ya karkata, ruwa ya zubo ba tare da hannu ya taɓa komai ba. A tona ɗan rami a ƙarƙashi a zuba tsakuwa don kada wurin ya yi caɓi.

Ga yadda ake wankin: a jiƙa hannu kaɗan, a tsayar da ruwa, a cuɗa sabulu a tafi da bayan hannu da tsakanin yatsu da babban yatsa da ƙarƙashin farce na kusan daƙiƙa 20, sannan a sake ruwa a ɗauraye, a yarfe hannu ya bushe a iska. Da wannan tsari lita ɗaya tana wanke hannu wajen sau goma. In ba sabulu, tokar murhu mai sanyi ta fi ruwa zalla. Man goge hannu yana taimakawa, amma ba ya aiki a hannun da ya yi maiƙo ko taɓo. Sai an fara goge dattin.

Al'adar nan ta ajiye kwano ɗaya kowa ya tsoma hannu kafin cin tuwo, a bar ta. Na ƙarshe ba wanke hannu ya yi ba, dattin kowa ya kwasa. A riƙa zuba wa juna da buta, ruwan da zai tafi bai kai na kwanon ba.

Bayan gida da tsarki

Mutum ɗaya ko biyu masu wucewa, kowa ya tona ɗan rami mai zurfin taƙi ɗaya, kamar santimita 15 zuwa 20, ya biya buƙata, ya mayar da ƙasa ya danne. A wannan zurfin ne ƙasa ke da ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazanta, kuma ƙuda ba ya kai wa gare ta. Jama'ar da za su yi kwanaki su tona dogon rami siriri mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, a kewaye shi da zane, a tara ƙasar a gefe da fartanya a kai. Duk wanda ya shiga ya rufe nasa da ƙasa ko toka kafin ya fito. Addini ya riga ya hana biyan buƙata a kan hanya, a inuwar da mutane ke hutawa, da mashaya, ya kuma hana fitsari a ruwan da ba ya gudu. Wannan hani shi ne ginshiƙin lafiyar zango.

Wajen tsarki, shari'a ta yarda a share da duwatsu masu tsarki, an fi so a yi wutiri, ban da ƙashi da kashin dabbobi da abin da ake ci. Mafi kyau a haɗa biyun: a fara sharewa da dutse mai santsi, hoge ko takardar bayi har wurin ya bushe, sannan a bi da ruwa kaɗan. Wanda ya yi haka rubu'in buta ya ishe shi, maimakon buta cike. Duwatsun da aka yi amfani da su a binne su tare da ƙazantar. Butar makewayi ta tsaya a makewayi, kada a tsoma ta cikin bokiti, kada kuma a kafa mata baki a sha.

Da dare kada a fita ba takalmi da tocila. Kunama da kububuwa da dare suke yawo, kuma ƙarƙashin dutse maɓoyarsu ce. Duk dutsen da za a ɗauka a fara juya shi da sanda.

Wankan lita ɗaya

Wannan wanka da ƙyalle ake yinsa, kuma sirrinsa biyu ne: sabulu kaɗan, da bin jiki daki-daki daga wuri mafi tsafta zuwa mafi datti. Sabulu shi ke cin ruwa, domin duk kumfar da aka tayar sai an ɗauraye ta, wadda ta saura kuma ƙaiƙayi take sawa.

Da farko a bari gumi ya tsane, a kakkaɓe ƙura da busasshen ƙyalle. Wanda ya zuba ruwa a jiki mai ƙura taɓo ya kwaɓa. A cika gora da lita ɗaya. Idan ana son ruwa mai ɗumi a ajiye ta a rana tun da hantsi. A tsaya a kan leda, dutse ko takalmin roba.

A tsiyaya ruwa a kan ƙyalle na farko, kada a tsoma ƙyallen cikin ruwa mai kyau. A goge fuska, bayan kunne da wuya ba tare da sabulu ba. A matse a ƙasa, a sake jiƙawa, a bi hannuwa, ƙirji, ciki da baya. Don isa tsakiyar baya a kama ƙyallen ta gefe biyu a ja shi sama da ƙasa. Sai a ɗan shafa sabulu a gefen ƙyallen a cuɗa hammata da duk inda fata ke haɗuwa da fata, a matse, a jiƙa, a goge sabulun sau biyu. Daga nan cinyoyi da ƙwauri. Ƙyalle na biyu na matsematsi da al'aura ne kaɗai, a fara da gaba a ƙare da baya, kada a taɓa wani wuri da shi. Ragowar ruwan a zuba wa ƙafafu, a cuɗa tsakanin yatsu. Ƙyalle na uku busasshe ne, na tsane jiki. A ƙarshe a ɗauraye ƙyallayen daban-daban, a shanya su a rana. Zafin rana yana kashe wari da ƙwayoyin cuta masu yawa.

Ranar da lita ɗaya ma ba ta samu ba, a tsaya a wuri huɗu: fuska, hammata, matsematsi, ƙafa. Kofi biyu sun isa. Nan ne gumi ke taruwa, nan ne kuma ƙuraje da gogewar fata ke farawa.

Da bazara a yi wannan wanka bayan la'asar, a kwanta da jiki mai tsafta. Da hunturu a yi shi da rana tsaka a bayan zane, a buɗe gaɓa ɗaya a goge a rufe kafin a buɗe ta gaba, sannan a shafa man kaɗanya tun jiki yana da laima. Iskar hunturu tana tsatstsaga fata, kuma tsagar ƙofa ce ga cuta.

Tishu mai laima da ake sayarwa a shaguna yana iya maye gurbin ƙyalle a ranar tafiya, sai dai yawancinsa da zaren roba aka yi shi, ba ya ruɓewa. Duk wanda aka yi amfani da shi a ƙulle a leda a koma da shi.

Alwala, wankan ibada da taimama

Hadisin Anas da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudun Annabi ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Wannan mudu cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum, bai kai lita ɗaya ba. Sa'i kuma mudu huɗu ne, bai wuce lita uku ba. Ke nan tattalin ruwa wajen tsarki sunna ce tun kafin lalura ta zo.

Farilla a alwala wanki ɗaya ne ga kowace gaɓa idan ya game ta. Na biyu da na uku ƙari ne na falala, ana iya barinsu idan ruwa ya yi ƙaranci. A riƙa tsiyayawa a tafin hannu, a kai ga gaɓa, a cuɗa, maimakon sakin buta a kan ƙafa tana zuba. Ruwan leda ɗaya, wato rabin lita, yana yin alwala cikakkiya har a rage. Wanda ya riƙe alwalar azahar zuwa la'asar, ta magariba zuwa lisha, alwala uku zai yi a yini maimakon biyar. A tara ruwan da ke sauka a daro, yana da amfanin da za a zo kansa.

Goge jiki da ƙyalle tsafta ce, amma ba ya ɗauke janaba. Wankan ibada sai ruwa ya game jiki, kuma a mazhabar Malikiyya sai an cuɗa. Sa'i ɗaya yana isa idan aka huda murfin gora da ƙananan ramuka ana yayyafawa da hannu ɗaya, ɗayan yana bin ruwan yana cuɗawa: a wanke najasa, a yi alwala, a tsattsefe gashi da jiƙaƙƙun yatsu a zuba wa kai, sai tsagin dama, sai na hagu. Ruwan da sabulu ya canza ba a tsarkin ibada da shi, don haka kada a haɗa wankan sabulu da na ibada a ruwa ɗaya.

Idan abin da ya rage na sha ne, ana tsoron ƙishirwa ga kai ko abokin tafiya ko dabba, to an yi sauƙi. Aya ta 6 a Suratul Ma'ida da ta 43 a Suratun Nisa'i sun halatta taimama, kuma Ahalari da Ishmawi da ake karantawa a makarantun zaure sun yi bayaninta. Bayan lokacin salla ya shiga, a yi niyya, a dafa tafuka a ƙasa mai tsarki ko dutse, a shafi fuska, a sake dafawa a shafi hannuwa zuwa gwiwar hannu, a tayar da salla nan take. A Malikiyya kowace farilla da taimamarta. Kada wani ya ƙarar da ruwan shan jama'a a alwala yana ganin tsantseni ne. Karɓar rangwamen da Allah ya yi shi ma biyayya ce.

Baki, kai, ƙafa da tufafi

Asuwaki ba ya buƙatar ruwa, wannan ya sa ya fi buroshi dacewa da daji. In an manta da shi, ɗanyen reshen darbejiya yana yi. Mai buroshi ya sa man goge baki kaɗan, ya tofar, ya kurkure da guntun ruwa, kuma ruwan ya zama na sha.

Gashi yana iya mako bai ga sabulu ba. Hula, rawani ko ɗankwali suna tare ƙura. Da yamma a taje a goge fatar kai da jiƙaƙƙen ƙyalle. Kada a yi aron mataji, hula ko tawul, ta nan kwarkwata da makero da ƙazwa ke yaɗuwa.

Ƙafa ita ce abin hawan mai zango. Kowane dare a cire takalmi, a wanke ko a goge ƙafa, a busar da tsakanin yatsu, a duba ƙaya ko bororo, a shafa mai a dunduniya saboda faso. Da safe a zazzage takalmi kafin a zura ƙafa.

Manyan tufafi ba a wanke su a zango. A juya su bai-bai, a kakkaɓe, a shanya a rana. Abin wanki shi ne kamfai, singileti da safa: a tafi da uku-uku, ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a jaka. A sa su a leda mai kauri da kofi biyu na ruwa da ɗan sabulu, a ɗaure a murza na 'yan mintuna, a matse, a sake da ruwa mai kyau. A ware riga ɗaya ta barci da salla wadda ba a aiki da ita. Tufafin auduga masu yalwa sun fi na roba, domin suna barin gumi ya bushe.

Kwanuka da ruwa mai aiki biyu

Wanke-wanke daga zaɓen abinci yake farawa. Miya mai manja da yawa tana cin ruwa. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, garin rogo da dafa-duka a tukunya ɗaya ba sa ci. Kowa ya suɗe kwanonsa tas. Tun tukunya tana da ɗumi a kankare ta, a dirje da yashi mai tsafta ko toka, a goge. Toka da maiƙo idan sun haɗu aikin sabulu suke yi. Sai a zuba kofi ɗaya na ruwan zafi da ɗan sabulu a kwano na farko, a juye a na biyu, a bi da su har tukunya. A ɗauraye da wani kofin tafasasshen ruwa ta wannan hanya, a kife su a kan itace su bushe a rana.

Ruwa ɗaya yana iya aiki biyu idan aka gangara da shi daga mai tsafta zuwa mai datti. Na alwala ya wanke safa ko ya jiƙa buhun algararar da aka naɗe jarka da shi don ta yi sanyi. Na ɗaurayar kwano ya jiƙa tukunyar gobe ko ya kashe wuta. Ruwan tsarki da na wankin kamfai kuwa ramin makewayi za su. Ruwan sabulu, ko wane iri ne, a zubar da shi nesa da rijiya da tafki.

Ruwan da aka tarar a hanya

Ruwan tafki ko kududdufi sai ya bi mataki biyu kafin a sha ko a wanke baki ko rauni da shi. Na farko kwantar da laka: a bar shi ya zauna, ko a kaɗa ɗan alif a ciki, ko a daka ƙwayar zogale busasshiya, kamar ɗaya ga kowace lita, a dama a bari ya kwanta, sannan a tace da ƙyalle mai ninki. Wannan yana sa ruwa ya yi garau, amma bai kashe cuta ba. Mataki na biyu shi ne kashewa: a tafasa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa kulorin gwargwadon abin da aka rubuta a jikin fakiti a jira minti 30. In babu duka biyun, a zuba ruwa mai garau a gorar roba mai haske a kwantar da ita a rana mai ƙarfi na awa 6, kwana biyu idan akwai hadari.

Ganin tafki bayan kwanaki ba wanka yana jan mutum ya faɗa ciki. A daure. Ruwan da ke kwance mai dodon koɗi shi ke ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma tsutsarta ta fata take shiga ko ba a sha ba. A ɗebo da guga, a ɗumama shi sosai ko a ajiye shi kwana biyu, sannan a yi wanka a nesa da gaɓa. Tace ruwa kuma shi ne ya taimaka wajen korar kurkunu. An tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da shi a 2013, amma har yanzu ana samunsa a Chadi.

Rijiyar daji tana da masu ita. A yi sallama, a nemi izini, a bi layin masu shayar da dabbobi, a yi amfani da gugan rijiyar, kada a yi wanki ko wanka a bakinta.

Mata da yara

Mai haila da mai shayarwa a ƙara musu lita ɗaya ko biyu, a kuma yi wa mata makewayi nasu mai sutura, don kada kunya ta sa mace ta ƙi shan ruwa ko ta riƙe fitsari har dare, abin da ke jawo ciwon mara. Audugar mata da aka yi amfani da ita a naɗe a leda biyu a koma da ita. Idan ƙyalle ne a wanke da sabulu a shanya a rana har ya bushe ƙayau.

Kashin jariri yana ɗauke da cuta kamar na babba, a binne shi nan take. Fuskar yaro a wanke ta safe da yamma ko da cikin tafi ɗaya ne, domin kwantsa da majina ke kiran ƙuda, ƙuda kuma ke yaɗa ciwon ido. Kowane yaro da ƙyallen fuskarsa.

Lokacin da ake ajiye lissafi

Fitsari kaɗan mai duhu, ciwon kai da jiri alamu ne na ruwan jiki ya yi ƙasa. A shiga inuwa a sha, ko da daga kason wanka ne. Wanda gudawa ta kama a haɗa masa lita ɗaya ta ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa, a ware masa kofi da buta, a kuma cire shi daga girki. Idan gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko amai ya hana shi riƙe ruwa, a nufi asibiti. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya suma a rana, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa shi da duk ruwan da ke akwai ana yi masa fifita, a garzaya da shi.

Idan jarkuna suka yi ƙasa fiye da yadda aka tsara, ga jerin abin da ake sarayarwa: wankin tufafi da farko, sai goge jiki, sai alwala ta koma taimama, sai girki ya koma busasshen abinci. Wanke hannu da sha su ne na ƙarshe. Ranar da aka taɓa ruwan ajiya, ranar ce ta tashi. Kada a jira a ga gindin jarka. Kafin a bar wurin a cike ramuka, a kashe wuta, a kwashe leda da gora, domin makiyayi da dabbobinsa za su sauka a nan bayanku, kuma daga tafkin nan za su sha.